Na je neman sarkin da rufin gidansa ke yoyo

Ƙanena ne ya ja ni zuwa wurin. Ni dai abin da ya kai ni Japan bai wuce in sa yaron nan a ido ba. Shekararsa uku yana karatu a Osaka, Hajiya kuma ta kafe a kan sai wani ya je ya gano mata ko hotunan da yake turowa gaskiya ne, ko ramewa ya yi yake ɓoye mana. Na tarar da shi garau, har da ɗan tumbi. Muka yi kwana huɗu muna zaga gari, ni ina ta baza ido kamar ɗan ƙauye ranar kasuwa, shi yana ta jan hannuna kada in faɗa jirgin da ba namu ba. A dare na biyar muna zaune a ɗakinsa, wanda bai fi shagon mai shayi faɗi ba, sai ya ce, "Yaya, gobe in Allah Ya kai mu zan kai ka ka ga kabari."

Na ce, "Duk faɗin ƙasar nan ka rasa inda za ka kai baƙo sai maƙabarta?"

Ya ce ai kabarin mutum ɗaya ne tak, amma in zan zagaye shi da ƙafa sai na ci kusan awa guda. Na ce wane ne wannan da taku bakwai bai ishe shi kwanciya ba? Ya ce Nintoku, na 16 a jerin sarakunan Japan, wanda tsofaffin littattafansu suka ce ya yi mulki daga shekarar 313 zuwa 399. Na lissafa da yatsa, kusan shekara 87 a kan karaga. Na ce to, an fara. Ya ce in dakata tukuna in ji labarin hayaƙi.

Fadar Nintoku a Naniwa take, wato nan inda Osaka take a yau. A shekara ta huɗu da hawansa sarauta ya hau wata doguwar hasumiya, ya duba gabas ya duba yamma, bai ga hayaƙi yana tashi daga gidajen mutane ba. Bai kira bafade ya tambaye shi lafiyar gari ba. Ya ce in babu hayaƙi to ba a ɗora tukunya ba ke nan, in kuwa haka abin yake a gindin fada, ina ga waɗanda ke nesa? Sai ya yafe haraji da aikin tilas har shekara uku. Shi ma ya ɗaure cikinsa: ba ya sake tufa sai ta yage, ba a zubar da abinci sai ya lalace. Dangar fada ta zube aka bar ta a zube, jinka ta ruɓe ba a sake ba, ruwan sama yana jiƙa masa shimfiɗa, da dare yana kwance yana hango taurari ta kafar rufi. Da shekara uku ta cika ya sake hawa hasumiyar, ya ga hayaƙi ya turnuƙe ko ta ina, ya juyo ya ce wa matarsa shi kam ya yi arziki. Ita kuwa, da yake ba ta iya haɗiye magana ba, ta ce arzikin me, ga danga a ƙasa, ga ɗaki yana yoyo? Ya ce mata don talakawa aka yi sarki, in sun samu shi ya samu, in sun rasa shi ya rasa. Mutane suka zo da kansu suna roƙo a bar su su biya haraji su gyara fada, ya ƙi. Sai a shekara ta goma ya amince, aka ce yaro da babba suka fito suna aiki dare da rana har aka gama.

Na yi shiru. Marigayi Baba na tuna, yadda yake ba mu labarin lokacin haraji a ƙauyenmu, magidanci da gemunsa ya shige rumbu ya ɓuya don ya ji an ce yaran dagaci sun shigo unguwa. Har ya koma ga Allah bai daina ambaton 1979 ba, shekarar da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Duk wanda ya tashi a gidan da ake irin wannan hira, ba sai an yi masa dogon bayani a kan sarkin da ya yafe haraji ba. Na kwanta da ɗokin safiya.

Daga tashar Tennoji muka shiga jirgin ƙasa na layin Hanwa, ba mu kai rabin awa ba muka sauka a wata ƙaramar tasha da ake kira Mozu, a cikin birnin Sakai, kudu da Osaka. Watan Nuwamba ne, da wani sanyi mai shiga ƙashi wanda hunturunmu bai kama ƙafarsa ba. Na zaci zan fito in ci karo da gini mai ƙofar zinariya. Gidaje na gani na talakawan gari, da kekuna a jingine, da wata tsohuwa tana share ganye a bakin ƙofarta. Muka ɗan taka kaɗan sai ga ruwa a kwance, kore shar, a bayansa kuma daji. Dajin ya miƙe dama ya miƙe hagu har inda ido ya tsaya.

Na ce, "Ina kabarin?"

Ya ce, "Shi kake kallo, Yaya."

Gaskiya raina ya ɗan sosu. A hoto, in an ɗauko shi daga sama, siffar kafar makulli gare shi: da'ira a gefe guda, ɗaya gefen kuma ya buɗe kamar bakin siket, ruwa ya kewaye shi. A ƙasa kuwa babu abin da za ka gani sai itatuwa. Akwai fili guda a gefen kudu da aka shimfiɗa wa farar tsakuwa, aka share ta da manjagara har layi ya fito, da shinge, da irin ƙofar nan tasu ta addinin Shinto mai ginshiƙi biyu da gicciye a sama. Nan ne iyakar kowa. Wasu mata biyu suka zo suka sunkuyar da kai wajen dajin. Mu muka koma gefe muka ba su wuri, don mu ba ibada ta kawo mu ba.

A nan muka gamu da tsohon. Ɗan sa-kai ne, irin dattawan da suka yi ritaya suke zuwa suna yi wa baƙi bayani kyauta. Yana riƙe da wani fayil cike da hotuna da ya sha hannu. Ba ya jin Turanci sosai, ni ba na jin Japananci ko kaɗan, ƙanena ya zama tafinta. Ya buɗe fayil ya fara zubo lissafi kamar mai karanta hadda. Tsawon tudun mita 486. In an haɗa da gwalalo uku da suka kewaye shi, mita 840. Tsayinsa ya kai kimanin mita 35, an gina shi hawa uku. Hanyar da ta zagaye shi kilomita 2.8. A tsawo ya ninka gindin babbar dalar Masar, ko da yake a tsayi dalar ta yi masa fintinkau. Ya ce ranar da aka gama shi babu itace ko ɗaya a kansa. Duwatsu aka jera a jikinsa, aka kafa dubban gasassun bututun yumɓu da suke kira haniwa layi-layi a kowane hawa. A lokacin bakin teku ya fi kusa da nan, saboda haka duk jirgin ruwan da ya taso daga Koriya ko Sin ya nufo Naniwa, wannan tudun ne zai fara tare masa ido.

Sai ya zo kan adadin da ya tsaya mini a wuya. Wani babban kamfanin gine-gine na ƙasar, Obayashi, ya taɓa zama a 1985 ya lissafa abin da aikin zai ci in da kayan aikin wancan zamani za a yi shi. Suka ce in ma'aikata suna kaiwa har mutum 2,000 a rana lokacin da aiki ya fi yawa, sai an shekara 15 da wata 8, jimillar yinin aiki wajen miliyan 6 da dubu 800.

Na ce wa ƙanena, "Tambaye shi. Mutumin da ya hana a sake masa jinka don kada a wahalar da talaka, shi ne kuma ya sa aka ɗebi ƙasa a ka shekara goma sha biyar don ya samu wurin kwanciya?"

Ya ce, "Yaya, wannan tambayar da nauyi fa. Mutanen nan ba a yi musu haka."

Na ce ya dai faɗa, in ya so ya sa mata zuma.

Ban san yadda ya juya ta ba, amma tsohon ya kyalkyale da dariya har yana dafa gwiwa. Ya ce yaran makaranta ma sukan yi masa ita. Ya ce littafin da ya ba da labarin hayaƙi shi ne kuma ya ce Nintoku da kansa ya zo nan ya zaɓi wurin a shekara ta 67 ta mulkinsa. Ranar da aka fara aiki wata barewa ta fito daga daji a guje ta faɗi matacciya a tsakiyar ma'aikata, da aka duba sai wani ɗan tsuntsu da suke kira mozu ya fito daga kunnenta ya tashi. Daga nan unguwar ta samo sunanta. Sannan ya rage murya, kamar mai tsoron kada dajin ya ji, ya ce amma fa masana da yawa ba su yarda cewa Nintoku ne a ciki ba.

Dalilinsu mai sauƙi ne. Masu nazarin kayan tarihi sun duba irin yumɓun da aka samu suka ce an gina wannan tudun a tsakiyar ƙarni na 5. A kudu da shi kaɗan akwai wani tudun mai tsawon mita 365 da hukuma ta ce na Richu ne, ɗan Nintoku wanda ya gaje shi. To amma na ɗan ya girmi na uban. Shi ya sa wani masani mai suna Mori Koichi ya ce a daina kiran wurin da sunan sarki, a kira shi da sunan unguwa, Daisen, kuma littattafan makaranta da yawa sun bi shi. Hanyar raba gardama ita ce a tona, tonon kuwa ba a yarda ba. Hukumar da ke kula da gidan sarautar Japan ce ke riƙe da wurin, a wajenta kuma wannan kushewar kakan sarki ce, sarkin yanzu Naruhito shi ne na 126 a jerin da Nintoku yake na 16. A 1872 wani sashe na gaban tudun ya buɗe, aka ga akwatin gawa na dutse, da sulke da kwalkwali masu ruwan zinariya, da kwanukan gilashi. Aka zana hotonsu aka mayar aka rufe. Sai a 2018 hukumar ta haɗa hannu da birnin Sakai aka ɗan tona jingar da ke tsakanin gwalalo na ciki da na biyu, aka ga jerin haniwa da daɓen duwatsu. Tudun kansa ba a taɓa shi ba. A watan Yulin 2019 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da sauran kaburburan yankin Mozu da Furuichi, 49 gaba ɗaya.

Ni dai a nan ban ga laifin masu hana tono ba. Da wani zai zo da shebur ya ce zai buɗe kabarin kakana don ya auna ƙashinsa, da mun kwashi 'yan kallo.

Muka yi wa tsohon godiya, shi yana sunkuyawa mu muna ɗaga hannu, muka kama hanyar zagaye. Tafiya ce marar abin kallo: ruwa da itatuwa a hannu ɗaya, bayan gidajen mutane a ɗaya hannun, jefi-jefi agwagwar ruwa ko mai gudun motsa jiki. Abin da ya rage mana nisa labaran da ƙanena ya dinga zubowa ne, don ashe ya ɗauki wani darasi a kan tsofaffin littattafan nan biyu, Kojiki na shekarar 712 da Nihon Shoki na 720, inda kusan duk abin da aka sani game da Nintoku ya fito.

Sunansa na yanka ma ba Nintoku ba ne. Osazaki ake kiransa, sunan wani ɗan mitsitsin tsuntsu. Wai ranar da aka haife shi mujiya ta faɗo ɗakin haihuwa, a gidan waziri kuma, inda aka haihu a ranar, wannan ɗan tsuntsun ya shiga, sai iyayen suka yi musayar sunayen. Nintoku laƙabi ne da aka ba shi a ƙarni na 8, ma'anarsa tausayi da nagarta. Hawansa sarauta ma da labari. Ubansa Ojin ƙaninsa ya zaɓa ya gaje shi, wani yarima mai ilimi da ke zaune a Uji, kusa da Kyoto ta yau. Da uban ya mutu ƙanin ya ce shi ba zai hau gaban wansa ba, wan ya ce shi ba zai saɓa wasiyyar uba ba. Shekara uku karaga ba kowa. Wani masunci ya kawo gaisuwar ɗanyen kifi Uji aka ce ya kai Naniwa, can ne sarki yake. Ya kai Naniwa aka ce ya koma Uji. Kifi ya ruɓe a hanya. Ya sake kamo wani, aka sake yi masa haka, ya zubar ya zauna yana kuka. A ƙarshe, in ji Nihon Shoki, ƙanin ya kashe kansa don a huta. Na dubi nawa ƙanin na ce kada ya damu, in aka zo rabon gonar Baba ba za mu kai ga haka ba.

Inda na fi jin daɗin hirar shi ne kan matar nan da ta ce arzikin me. Sunanta Iwanohime, 'yar babban gidan Katsuragi, kuma littattafan biyu duk sun yi mata shaidar kishi. Kojiki ya ce in ta ji an ambaci wata mace har buga ƙafa take yi a ƙasa. Akwai wata kyakkyawa daga Kibi da sarki ya kawo fada, tsoron uwargida ya sa ta gudu ta shiga jirgin ruwa za ta koma garinsu. Da uwargida ta ji sarki ya yi wa yarinyar waƙar bankwana, sai ta aika aka sauke ta daga jirgin aka ce ta tafi a ƙasa. Sarki kuwa bai daddara ba. Ya nemi izninta ya auro Yata, wadda 'yar ubansa ce, abin da gidan sarautarsu bai hana ba a wancan zamani. Ta ce ba ta yarda ba. Ya yi shiru shekara takwas. Ran nan ta tafi Kumano ɗebo wani ganye da ake shan giya da shi a bikin fada, kafin ta dawo ya shigo da amarya. Labari ya iske ta tana cikin jirgi. Ta kwashe ganyen nan kaf ta watsa a teku, ta ƙi tsayawa a Naniwa, ta sa aka bi kogi da ita aka wuce, ta je Tsutsuki a ƙasar Yamashiro ta zauna.

Yaji ke nan, ba wani suna. Aka shiga biko. Ya aika manzo, manzo ya durƙusa a tsakar gida ana tsuga ruwa, in ya zo ƙofar gaba ta koma ta baya, in ya zagaya baya ta dawo gaba, har jan rinin igiyar rigarsa ya zuba ya ɓata rigar. Sarki ya taso da kansa, yana tafe yana waƙa. A ruwayar Nihon Shoki ko fuskarta ba ta bari ya gani ba, a can ta zauna har ta mutu bayan shekara biyar. 'Ya'yanta uku, Richu da Hanzei da Ingyo, duk sun yi sarauta a bayansa. Na ce wa ƙanena wannan labarin kada ya kuskura ya ba matata, don ita ma tana da ra'ayi a kan irin wannan magana.

Muna wajen rabin hanya, ƙafata ta fara gaya mini shekaruna, muka zauna a kan wani benci muka ci dunƙulen shinkafa mai kifi a ciki, wanda shi ne abincina tun da na zo don shi ne ban da shakka a kansa. A nan ya ba ni labarin gora.

Naniwa ƙasar fadama ce, ruwa yana cin gonaki kullum. Shekara guda bayan an gyara fada, Nintoku ya sa aka haƙa hanyar ruwa da ta kwashe ambaliya zuwa teku, aka kuma gina jinga a bakin kogin Yodo, wadda ake kira jingar Manda. Wuri biyu suka gagara, ana toshewa suna ɓallewa. Sarki ya yi mafarki an ce masa sai an ba dodon kogi mutum biyu, aka ma faɗi sunayensu: Kowakubi daga Musashi da Koromonoko na nan Manda. Aka kamo su. Kowakubi ya yi kuka ya shiga ruwa ya nutse, aka toshe wurin. Da aka zo kan Koromonoko sai ya ɗauko gora biyu ya jefa a kogi, ya ce in dodon nan na gaskiya ne ya nutsar da su, shi kuma zai bi. In ya kasa, to a kan me zai ba da ransa a banza? Guguwa ta taso tana danna gorunan, suna nutsewa suna tasowa, har suka bi ruwa suka tafi. Aka ƙyale shi, jingar kuma ta tsaya.

Duk wanda ya taɓa ganin masunci a kan gora a kogin Haɗeja ya san Koromonoko bai yi caca ba. Gora ba ta nutsewa. Amma ni Kowakubi ne ya tsaya mini a rai, wanda ba shi da wayon kawo gora. Kuma a nan na fara rarrabe labaran nan gida biyu. Na hayaƙi ya yi kyau da yawa, ya yi santsi kamar wanda aka goge. Waɗanda suka rubuta shi ma'aikatan fada ne, wajen shekara 300 bayan zamanin da suke magana a kai, sun kuma sha karatun littattafan Sin inda sarkin kirki yake da siffa sananniya. Har kirarin da Sinawa ke yi wa tsohon sarkinsu Yao, cewa ko bakin jinkarsa ba a datse ba, an ɗauko an yafa wa Nintoku. Labarin Kowakubi kuwa ba irin wanda maroƙi zai ƙaga don ya faranta wa fada rai ba ne. Ya fi kama da abin da mutanen bakin kogi suka riƙe a baki, har ya kai ga marubuci ya kasa tsallake shi. In ana neman yadda aka tara ƙasar tudun da muke zaune a gefensa, ina jin a wajen Kowakubi za a nema.

Ba wai na ce babu mutumin ba. Tarihin daular Song ta Sin ya ambaci sarakunan Wa guda biyar, wato Japan, da suka dinga aiko da jakadu a ƙarni na 5, na farkonsu da suka kira San ya aiko a 421, kuma akwai masanan da ke ganin shi ne Nintoku, ko kuma na biyunsu. Wani mai ƙarfin iko dai ya zauna a wannan gaɓar teku, ya haƙa magudanai, ya yi hulɗa da ƙetare, ya iya tara dubban mutane shekara da shekaru. Tudun shaida ne. Abin ya tuna mini da ranar da na je Daura aka ɗebo mini ruwan rijiyar Kusugu na sha. Rijiya tana nan, ruwa yana nan, Bayajidda da macijiya kuwa sai a bakin mai ba da labari.

Muka ƙarasa zagayen, muka tsallaka titi zuwa lambun Daisen, na samu gefe a kan ciyawa na haɗa Azahar da La'asar, ba wanda ya ko kalle ni. Gidan tarihin birnin yana cikin lambun, mun leƙa a gurguje. Abin da ya fi burge ni bai kai kabarin Nintoku suna ba. Wani ƙaramin tudu ne a kusa, Itasuke, mai wata karyayyar gada da ta miƙa cikin ruwa ta tsaya. A da kaburbura irin waɗannan sun haura 100 a Mozu, yanzu 44 suka rage. Sauran gidaje da tituna sun cinye su, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1955 aka gina gadar nan don motoci su shiga su kwashe ƙasar Itasuke a yi filaye. Malaman makaranta da ɗalibai da mutanen gari suka tashi suka ce ba su yarda ba, har birnin ya saye wurin. Gadar aka bar ta a nan tana ruɓewa. Wanda ke kwance a Itasuke ba a san sunansa ba, ba shi da labarin hayaƙi, ba kuma hukumar fada ce ta tsare shi ba.

Da yamma ƙanena ya ce saura abu ɗaya. Muka tafi ginin hukumar birnin Sakai, muka hau na'ura zuwa hawa na 21, mita 80 daga ƙasa, inda aka yi falo mai gilashi ta kowane gefe, shiga kyauta. Ya ce daga nan ne ake ganin kabarin. Ana ganinsa kam, amma kafar makullin ba ta fito ba. Wani dogon tsibiri ne na itatuwa kwance a tsakiyar rufin gidaje, kamar an ajiye kada a cikin kasuwa. Sakai garin maƙera ne, wuƙaƙensu na girki sun yi suna a duniya, nan ne kuma hedkwatar Shimano masu kayan keke. Na tsaya ina kallon garin, rana tana faɗawa cikin teku ta yamma, sai na lura ashe ni ma abin da sarkin ya yi nake yi: na hau sama ina duba gidajen mutane. Gida dubu nawa ne a gabana, lokacin ɗora abincin dare ya yi, babu hayaƙi ko ɗaya sai na masana'antun bakin teku. Da Nintoku zai hau nan yau da ya yafe harajin shekara talatin.

Ina cikin wannan tunani waya ta yi ƙara. Uwargida ce, kiran bidiyo. Biyar na yamma a Sakai, tara na safe a Kano. Fuskarta ta fito dishi-dishi, tana fifita da murfin tukunya tana tari, bayanta tsakar gidanmu ya yi fari fat.

Na ce, "Lafiya? Me ke ƙonewa?"

Ta ce, "Lafiya lau, Malam. Gas ne ya ƙare tun jiya, na aika a sayo aka ce ya ƙara kuɗi, abin da ka bari bai kai ba. Gawayi na sa aka auno, shi ma jiƙaƙƙe suka ba yaron."

Ƙanena ya leƙo ta kafaɗata ya gaishe ta, ya ƙura wa hayaƙin ido, sannan ya dafa ni ya ce a hankali, "Yaya, ka yi arziki."

Ta ce, "Me yake cewa?"

Na ce, "Ba komai, rabu da shi. Yanzu zan turo kuɗin gas ɗin."